Darasi na 9: Zaɓen Kwamfaila Idan Bugu Fiye da Ɗaya Yana Cikin Kwamfuta

A darasin da ya gabata kun rubuta shirinku na farko da harshen C, kun buga umarnin `gcc gaisuwa.c -o gaisuwa`, kwamfuta ta juya muku rubutun ya koma abin da na'ura za ta iya gudanarwa. Manhajar da ta yi wannan juyin ita ce kwamfaila. Yau za mu zauna a kan wata matsala da kusan duk mai koyon wannan sana'a yake cin karo da ita tun a watanninsa na farko: shiri ɗaya, ba a taɓa masa ko ɗigo ba, ya tafi lafiya lau a kwamfutar makaranta, a kwamfutar shago kuma ya ƙi ƙememe.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a nan Daura. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disambar wannan shekarar, masu neman ilimin kwamfuta sun ƙaru, na cikin gari da masu shigowa daga Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure. Ba kowa ke da tasa kwamfutar ba. Wani a shagon buga takardu na unguwar Kusugu yake biyan kuɗin awa ya yi aikin da malami ya ba shi, wani aro yake yi wajen ɗan'uwa, wanda Allah ya hore wa kuma galibi ta hannu ce ya sayo a Kano, a Farm Centre ko titin Beirut. Kwamfutar da ta bi hannaye da yawa, kowa sai ya bar mata abin da ya zuba. Wannan ya sa Dev-C++ daga filas, wancan ya sa Code::Blocks, wani ya zo ya ɗora Ubuntu a gefe, kowace kuwa da tata kwamfailar take zuwa. Sai a wayi gari da GCC uku a na'ura ɗaya, kowace da shekarunta, mai aiki da na'urar yana zaton guda ce.

Ga irin maganar da ake ji a shago:

"Malam, kwamfutar nan taka ba ta da lafiya. Jiya a makaranta shirin nan ya yi aiki."

"A'a ɗan samari, lafiyarta ƙalau. Sake duba rubutunka dai, wataƙila ka manta wani abu."

Kowannensu yana da gaskiyarsa. Rubutun daidai yake, kwamfutar ma lafiyarta lau. Kwamfailar da ta karanta shi jiya ce ba ita ta karanta shi yau ba.

Abin da ya bambanta bugu da bugu

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro harshen C a ɗakin binciken kamfanin Bell da ke Amurka a wajajen 1972, amma harshen bai tsaya inda ya bar shi ba. An yi masa ƙa'ida ta farko a 1989, wadda ake kira C89. Daga nan sai C99, sai C11, sai C17, sai ta baya-bayan nan C23, wadda aka wallafa a 2024. Sabuwar ƙa'ida takan halatta wasu sababbin abubuwa, takan kuma hana wasu da aka saba da su.

GCC kuwa Richard Stallman ne ya fitar da bugunta na farko a watan Maris na 1987, kyauta ga kowa, a ƙarƙashin aikin GNU. Yanzu kowace shekara, tsakanin Afrilu da Mayu, sabon bugu yake fitowa: na 5 a 2015, na 10 a 2020, na 14 a 2024, na 15 a 2025. Idan ba ku faɗa wa kwamfaila ƙa'idar da za ta bi ba, tana da wadda take bi da kanta, kuma wannan ce ke sauyawa. Bugu na 4.9 da waɗanda suka gabace shi a kan C89 suke tsaye. Daga na 5 aka koma C11, daga na 8 aka koma C17, na 15 kuma ya ɗauki C23.

Ku dubi wannan ɗan shirin da ke ƙirga ɗaya zuwa biyar:

```
#include <stdio.h>

int main(void) {
    for (int i = 1; i <= 5; i++)
        printf("%d\n", i);
    return 0;
}
```

Babu wani aibu a cikinsa. A Ubuntu 22.04, wadda ke zuwa da GCC 11, zai wuce sumul. Amma ku kai shi Dev-C++ 5.11, wadda har yau take yawo a filas ɗin ɗalibai tun fitowarta a 2015, za ta ƙi shi a layi na huɗu. GCC 4.9.2 ce a cikinta, a ƙa'idar C89 kuwa ba a yarda a ayyana `int i` a cikin bakan `for` ba, sai C99 ta zo ta halatta. Ɗalibi zai ga jan rubutu a ƙasan allo ya ɗauka shi ne bai iya ba. Wannan abin yana damuna, domin akwai waɗanda irin wannan jan rubutun yake kashe wa gwiwa alhali rubutunsu daidai yake.

Kada ku ɗauka kullum tsohon bugu ne mai laifi. Ta ɗaya gefen ma abin yana faruwa, kuma shi ya fi yawa ga wanda ya gaji tsohon aiki. Wanda ya kira `strlen` bai sa `#include <string.h>` a sama ba, GCC 13 gargaɗi kawai za ta yi masa ta wuce, GCC 14 kuwa za ta tsayar da aikin cak. Wanda ya rubuta `int jimla;` a fayil ɗin kai, wato irin wanda ake jawowa da `#include`, ya jawo fayil ɗin cikin fayiloli biyu, ya zauna lafiya har bugu na 9; daga na 10 sai a ce masa ya ayyana abu ɗaya sau biyu. Tsofaffin shirye-shirye da yawa suna da layin `typedef int bool;` domin a da harshen ba shi da `bool` nasa. A GCC 15 wannan layin kuskure ne, domin C23 ta mayar da `bool` kalmar harshen kansa. Saboda irin waɗannan ne ma ƙwararru suke ajiye bugu biyu ko uku da gangan. Tara su a kwamfuta ɗaya ba illa ba ce matuƙar kun san wadda take muku aiki a kowane lokaci.

Tambayar farko: wa ya amsa?

Kafin ku taɓa komai, ku tambayi kwamfailar sunanta da bugunta:

```
gcc --version
```

Layin farko na amsar shi ne abin dubawa. Wani lokaci amsar za ta ba ku mamaki. Masu koyo da wayar Android ta manhajar Termux, idan suka buga `gcc`, Clang ce take amsa musu, wata kwamfaila ce dabam daga aikin LLVM. Haka abin yake a kwamfutocin Apple.

Yanzu sai mu ga yadda kwamfuta take yanke wanda zai amsa. Idan kun buga `gcc`, ba ta bin duk faifanta tana nema. Tana da jerin folda-folda da ake kira `PATH`, tana bin su ɗaya bayan ɗaya daga farko, fayil na farko da ta samu mai wannan suna shi take gudanarwa, ta daina nema. Kamar mutum ne ya tsaya a zauren gidan da ke da Abba uku ya ɗaga murya ya ce "Abba!" Wanda ya fi kusa da ƙofa shi zai fito, ko da ba shi ake nema ba. Mai son Abban Hajiya sai ya kira shi da cikakken sunansa.

A Ubuntu ku buga waɗannan uku a jere:

```
echo $PATH
type -a gcc
ls -l /usr/bin/gcc*
```

Na farko zai nuna jerin, an raba folda da folda da ɗigo biyu. Ku lura `/usr/local/bin` tana gaban `/usr/bin`, don haka duk kwamfailar da wani ya taɓa ginawa da hannu ya ajiye a can ita za ta riga ta tsarin amsawa. Na biyu zai jero duk `gcc` da ke kan hanyar, ta sama ita ce mai aiki. Na uku ne ya fi buɗe ido. Za ku ga layi mai kama da wannan:

```
/usr/bin/gcc -> gcc-11
```

Wato `gcc` ba ita ce kwamfailar ba, ɗan mahaɗi ne kawai mai nuni zuwa ga `gcc-11`. Ainihin kwamfailolin suna nan kusa da shi, kowace da lambarta a jikin sunanta: `gcc-9`, `gcc-11`, `gcc-12`. Inda mahaɗin yake nuni ya danganta da bugun Ubuntu ɗin: ta 18.04 GCC 7, ta 20.04 GCC 9, ta 22.04 GCC 11, ta 24.04 GCC 13. Debian 12 kuwa GCC 12.

Idan bugun da kuke so babu shi, a Ubuntu 22.04 ga yadda ake sauko da na 12:

```
sudo apt install gcc-12 g++-12
```

Wannan ba ya goge na 11, ba ya kuma sauya inda mahaɗin yake nuni. Yana cin data ba kaɗan ba, don haka ku yi shi lokacin da kuke da isasshiya da caji a batir. Idan wuta ta ɗauke aikin ya yanke a tsakiya, `sudo dpkg --configure -a` ne yake ƙarasa abin da aka bari rabi da rabi.

Kira da cikakken suna

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda nake so ta zama ɗabi'arku, ita ce ku ambaci lambar:

```
gcc-12 -std=c17 lissafi.c -o lissafi
```

A nan kun faɗi abu biyu, kwamfailar da kuma ƙa'idar da za ta bi. Ba ku taɓa komai na tsarin ba, ba ku buƙaci `sudo` ba, wanda zai zauna a kujerar bayanku zai tarar da kwamfutar yadda take. Duk wanda ya karanta umarnin kuma ya san abin da aka yi aiki da shi.

Idan aikin ya girma ya kai fayiloli da yawa, da `make` ake gina shi. Sunan da `make` take ajiye kwamfailar C a ƙarƙashinsa shi ne `CC`, ta C++ kuma `CXX`:

```
make clean
make CC=gcc-12 CXX=g++-12
```

Kada ku tsallake layin farko. `make` lokacin da aka taɓa fayil kawai take dubawa, ba ruwanta da wace kwamfaila ce ta gina shi. Idan ba ku share tsofaffin fayilolin `.o` ba, za ta ga ba abin da ya sauya ta bar su, ko ta sake gina biyu ta haɗa su da goma na tsohon bugu. Sai ku ce kun sauya kwamfaila alhali rabin aikin na waccan ce.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ku sani. Rubuta `make CC=gcc-12` da rubuta `export CC=gcc-12` sannan `make` ba ɗaya ba ne. Idan marubucin fayil ɗin `Makefile` ya riga ya sa `CC = gcc` a ciki, nasa ne zai rinjayi abin da kuka sa ta `export`. Abin da kuka rubuta a gaban `make` a layi ɗaya kuwa shi ke rinjayar nasa. Don ku tabbatar, ku karanta layukan da suke wucewa a allo lokacin ginin, sunan kwamfailar yana farkon kowane layi.

Manyan ayyukan da ake saukowa da su daga intanet galibi da `configure` ko CMake suke zuwa:

```
./configure CC=gcc-12 CXX=g++-12

cmake -B gini -DCMAKE_C_COMPILER=gcc-12 -DCMAKE_CXX_COMPILER=g++-12
```

CMake tana rubuta zaɓin farko a fayil ɗin `CMakeCache.txt` ta riƙe shi. In kuna son sauyawa, ku goge foldar `gini` gaba ɗaya ku sake. Abin da ya fi ma shi ne kowace kwamfaila ku yi mata foldarta, `gini11` da `gini12`, kowace ta zauna a ɗakinta.

Ku lura kullum tare nake ambaton `gcc` da `g++`. Kada ku raba su. A C++ bambancin bugu ya fi zafi, domin ba karatun rubutu kaɗai yake sauyawa ba, har yadda ake jera abubuwa a ƙwaƙwalwar na'ura. A bugu na 5 an sauya tsarin `std::string`, shi ya sa haɗa abin da aka gina da 4.9 da abin da aka gina da na bayansa yakan ƙi, da dogon saƙo mai ɗauke da `__cxx11` a ciki.

Sauya wa kanku kaɗai

Wani lokaci za ku haɗu da aikin da aka dasa sunan `gcc` a ko'ina cikinsa, ba ya jin `CC`. A nan ne sanin `PATH` yake amfani. Ku yi foldar `bin` a gidanku, ku sa naku mahaɗin, ku sa foldar a gaban jerin:

```
mkdir -p ~/bin
ln -s /usr/bin/gcc-12 ~/bin/gcc
ln -s /usr/bin/g++-12 ~/bin/g++
export PATH=~/bin:$PATH
```

Daga nan `gcc` ɗinku na 12 ne, na sauran masu asusu a kwamfutar kuma yana nan a 11. Abu ɗaya dai: Ubuntu tana sa `~/bin` a gaban `PATH` da kanta duk lokacin da kuka shiga asusunku, in ta tarar foldar tana nan. Don haka sauyin zai bi ku gobe da jibi. Idan kun gama aikin ku goge mahaɗan biyu da `rm`, ku buga `hash -r` don allon umarni ya manta tsohuwar hanyar.

Sauya wa kwamfuta gaba ɗaya

Idan kun nemi maganin wannan matsala a intanet, abin da za ku fara gani shi ne `update-alternatives`. Kayan aikin Debian ne da Ubuntu ta gada, aikinsa riƙe jerin manhajojin da ke takarar suna ɗaya da zaɓen wadda za ta amsa shi. Ga yadda ake yi masa rajistar bugu biyu:

```
sudo update-alternatives --install /usr/bin/gcc gcc /usr/bin/gcc-11 110 \
     --slave /usr/bin/g++ g++ /usr/bin/g++-11

sudo update-alternatives --install /usr/bin/gcc gcc /usr/bin/gcc-12 120 \
     --slave /usr/bin/g++ g++ /usr/bin/g++-12
```

Lambobin 110 da 120 martaba ce. In an bar shi ya zaɓa da kansa, mai babbar lamba yake ɗauka, wato da zarar kun buga umarni na biyu kwamfutar ta koma GCC 12. Layin `--slave` yana ɗaure `g++` a ƙafar `gcc`, duk inda ɗaya ta tafi ɗayar ta bi. Don zaɓa da hannu:

```
sudo update-alternatives --config gcc
```

Zai jero muku su da lamba, tauraro yana gaban wanda ke aiki, ku buga lambar wanda kuke so. Mahaɗin yanzu hawa biyu ne: `/usr/bin/gcc` yana nuni zuwa `/etc/alternatives/gcc`, shi kuma yana nuni zuwa ga bugun da aka zaɓa.

Na koya muku wannan ne don za ku tarar da shi a kwamfutocin mutane, dole ku iya gane shi ku warware shi. Amma ban ba ku shawarar yin sa ba, musamman a kwamfutar shago ko ta ajin nan da mutum goma suke rabawa. Masu kula da GCC a Debian da gangan suka ƙi sa `gcc` a ƙarƙashin wannan tsari. Ku tuna ba ku kaɗai kuke kiran `gcc` ba. Tsarin kansa yana kiranta a ɓoye. Duk lokacin da aka sabunta kanel, wato zuciyar Linux, akwai direbobin da ake sake ginawa nan take a kan kwamfutarku, kamar na VirtualBox, na katin hoto na NVIDIA, da na wasu ƙananan na'urorin Wi-Fi da ake soka wa a USB. Waɗannan suna son kwamfailar da ta dace da wadda aka gina kanel ɗin da ita. Wanda ya mayar da `gcc` ɗin tsarin zuwa tsohon bugu don ya gama aikin makaranta, ya manta, bayan wata biyu sai ya kunna kwamfuta ya ga Wi-Fi ta ɓace, kuma ba zai taɓa danganta wannan da wancan ba.

Umarnin `cat /proc/version` yana faɗin bugun da aka gina kanel ɗinku da shi. A Ubuntu 22.04 mutane da yawa sun ga abin da idonsu: tsarin da GCC 11 yake zuwa, amma sababbin kanel ɗin da aka riƙa turo masa daga baya, irin su 6.5, da GCC 12 aka gina su. Direbobi suka riƙa ƙin ginuwa har sai an sauko da `gcc-12`. Maganin a nan shi ne a sa ta kawai ta zauna a gefe, ginin direban yana kiranta da cikakken sunanta.

In kun tarar wani ya riga ya yi rajistar, kuna son mayar da komai yadda yake:

```
sudo update-alternatives --remove-all gcc
sudo apt install --reinstall gcc g++
```

A Windows

Yawancin kwamfutocin shagunanmu Windows ce, kuma ƙa'idar ɗaya ce, sutura ce ta bambanta. Ku buɗe allon umarni ku buga `where gcc`. Zai jero duk waɗanda ke kan `PATH`, na sama shi ne mai amsawa. Windows tana da jeri biyu, na tsarin da na mai asusu, kuma na tsarin take fara bi. Shi ya sa wani zai sa sabuwar kwamfaila a jerinsa na kansa, ya yi ta mamakin tsohuwar ce take fitowa. Bayan kowane gyara a jerin sai an rufe allon umarni an buɗe sabo kafin ya kama.

Dev-C++ da Code::Blocks kuwa ba sa jiran `PATH`, kowace tana da wurin da aka rubuta mata foldar kwamfailarta. A Code::Blocks ku shiga Settings, sannan Compiler, sannan Toolchain executables, za ku ga foldar a sama. Bugun 20.03 da GCC 8.1 yake zuwa. Kuna iya nuna masa wata foldar, misali ta sabuwar GCC da kuka sa ta hanyar MSYS2. A Dev-C++ ku shiga Tools, sannan Compiler Options, ku rubuta `-std=c99` a akwatin ƙarin umarni ku sa masa alama. Da wannan kaɗai shirin ƙirgan nan namu zai wuce, ba tare da an sauko da komai ba.

Sai matsalar filas. Kun gina shirin C++ a wata kwamfuta, kun kwafi fayil ɗin `.exe` kun kai wata, sai ta ce ba ta ga `libstdc++-6.dll` ba, ko ta gan shi amma wani abu a cikinsa bai dace ba. Na biyun yana nufin ta ɗauko na wani bugun da ke gaba a `PATH` ɗinta. Idan aikin na kai wa malami ne ko mai ciniki, ku ƙara `-static` lokacin ginin, shirin ya ɗauki kayansa a cikinsa. Fayil ɗin zai yi nauyi, amma zai tashi a inda aka kai shi.

Yaushe ake sauya kwamfaila, yaushe ake gyara rubutu

Idan rubutun naku ne, sabuwar kwamfaila ta ƙi shi, ku gyara rubutun. Lokacin da GCC 14 ta tsayar da mai kiran `strlen` ba tare da `string.h` ba, gaskiya ta faɗa masa, domin tun C99 aka haramta hakan, bugun baya haƙuri kawai suke yi da shi. Komawa tsohon bugu don a rufe mata baki ɓoye ciwo ne. Layin `int jimla;` na fayil ɗin kai ma gyaransa kalma ɗaya ce: a sa `extern` a gabansa, a ayyana shi sau ɗaya a fayil guda.

Idan kuwa aikin na wasu ne, mai layi dubbai, ku gina shi kawai kuke so, sai ku fara gwada tuta, wato ɗan ƙarin umarni irin `-std=c99`, kafin sauya bugu. `-fcommon` tana mayar da GCC 10 da na bayanta ga tsohon halinsu a kan maganar ayyanawa sau biyu. `-std=gnu17` tana mayar da GCC 15 ga ƙa'idar da ta gabata. In tuta ba ta isa ba, a nan ne ake ɗauko tsohon bugu, a kira shi da lambarsa, don wannan aikin kaɗai. Ko wanne kuka yi, ku rubuta shi a saman `Makefile` ko a ɗan fayil na bayani: bugu kaza, ƙa'ida kaza, tuta kaza.

Aikin aji

1. A kwamfutar da ke gabanku, ku gano kwamfaila nawa ce a ciki da foldar da kowace take. Ku rubuta a littafinku wadda take amsa sunan `gcc`, da dalilin da ya sa ita ce take amsawa.

2. Ku rubuta wannan shirin, ku gina shi da kowane bugu da kuka samu, ku rubuta abin da ya fito:

```
#include <stdio.h>

int main(void) {
    printf("Bugu: %s\n", __VERSION__);
    printf("Ka'ida: %ld\n", __STDC_VERSION__);
    return 0;
}
```

Lambar 199901 tana nufin C99, 201112 C11, 201710 kuma C17. Ku sake gina shi da `-std=c99`, sannan da `-std=c11`, ku ga layin da ya sauya da wanda bai sauya ba. A Dev-C++ 5.11 shirin zai ƙi ginuwa in ba ku sa tuta ba. Ku bayyana dalili.

3. Wata ɗaliba ta buga `export CC=gcc-12`, ta buga `make`, amma layukan da suke wucewa a allo da `gcc` suke farawa. Me za ku ce ta duba a `Makefile`, kuma wane umarni za ta buga maimakon wancan?

4. Mai shago ya roƙe ku ku sa masa GCC 12 domin mutum ɗaya cikin masu zuwa shagonsa yana buƙatarta, sauran kuma aikinsu yana tafiya da GCC 11. Ku rubuta umarnin da za ku buga bi da bi, da wanda za ku koya wa mutumin ya riƙa bugawa.

5. Aikin gida: ku kai shirin ƙirga ɗaya zuwa biyar wata kwamfutar da ba ta ajin nan ba, ko wayar da ke da Termux. Kafin ku gina shi ku buga `gcc --version`, ku rubuta hasashenku ko zai wuce ko zai ƙi, sannan ku gwada. Ku zo da amsar da layin farko na bugun ranar darasi na gaba.